Tsuntsayen da Ka Bari a Kaina

Ranar Talata, tara ga Maris 1954, jirgin wasiƙu ya kawo labarin rasuwarka, Dokta Asbjørn Kvalvik. Ni ne Hilmar, matuƙin kwalekwalenka. Ban iya rubutu ba, 'yata Borghild ke riƙe da alƙalami, na kuma hana ta gyara mini magana.

Bazara ashirin da shida muka yi tare, daga Spitsbergen zuwa gabashin Greenland, kana tara tsuntsaye, kana ɗaura wa kowanne lamba a ƙafa. Shekarar da sanyi ya cinye mini yatsun ƙafa biyu, kai ka yanke su da wuƙar fiɗar tsuntsu, ka ba ni safarka, ka naɗe taka ƙafar da buhu. Ka ce, "Kada ka damu, tsoho, takwas ma sun yi wa malalaci yawa."

Da gobarar yaƙi ta cinye littattafanka, tsuntsu ɗari tara suka rage a gidan tarihi, daga su sai lamba. Ka ce wanda ba a san inda aka kama shi ba, gashi ne kawai. Amma ni ina tune da su, tsibiri da tsibiri. Shi ya sa kowace bazara kake zuwa, mu zauna da kofi da busasshen kifi, kana kwatanta tsuntsu, ina faɗin wuri, muna musu. Mun kai ɗari huɗu da sha ɗaya.

Bara ka roƙe ni in biyo ka birnin Bergen mu ƙarasa sauran da hunturu. Na ce mai nema shi ke tafiya. Ka ce, "Hilmar, taurin kan nan naka sai ya binne mu duka." Dariya na yi.

Yanzu mutanen gidan tarihi sun rubuto cewa za su turo wani da takarda. To, bari ya zo. Amma kai ne kake tuna launin fiffike, ni kuma in tuna dutsen. Jiya na wuni ina neman na ɗari huɗu da sha biyu. Na ga hazo, na ga ka ɗaga bindiga, amma tsibirin ya ƙi zuwa.

Ubangiji ya jiƙanka, ya ba ka hutawa. Uwargida Ragnhild da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini. Da na hau jirgin nan na Bergen, da an gama.