Garkuwar Mati a Bakin Rijiya

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, sana'arta ƙuli-ƙuli. A ƙauyenmu da ke kusa da Babban Mutum babu wanda bai san kaskonta ba. Da an idar da sallar magariba take hura murhu ta fara suyar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta, wai muna taya ta aiki. Gaskiya abu biyu ke kai mu: gyaɗar da ta ƙone, wadda take turo mana gefe, da kuma labari. Idan za ta fara, sai ta buga ludayi a bakin kasko ta ce mai kunne ya matso.

Yawancin labaranta na kura ne da dila, kuma na manta da dama. Wanda ya zauna mini shi ne na Mati da Barmo, wataƙila don shi kaɗai ya taɓa haɗa ni faɗa da yayana Sani.

Mati manomi ne, Barmo makiyayi. Rijiya ɗaya ce tsakanin gonar wannan da rugar wancan, kuma tun iyayensu ba a ga maciji a kanta. Kowannensu yana da baka da kwari, kowa kuma ya san kibiyar ɗan'uwansa za ta iso tsakar gidansa. Iya ta ce wannan sanin ne ya zaunar da su lafiya shekara da shekaru. Ba ƙauna ba ce, amma ana ɗiban ruwa.

Wata shekara ɓarayi suka shigo yankin, har suka harbi ɗan Mati a kafaɗa. Ya warke, amma tsoro bai bar uban ba. Sai ya sayi fatun shanu masu kauri, ya sa aka yi masa manyan garkuwoyi, ya kafa su a jere a bakin rijiya, daidai inda ake hangen rugar Barmo.

Barmo ya zo ya yi sallama, ya tambayi dalili. A nan Iya takan sauya murya, ta yi ta Mati da sanyi.

"Maƙwabci, ka taɓa jin garkuwa ta huda mutum? Don ɓarayi na kafa."

Sai ta koma ta Barmo, mai kauri. "Ɓarayi ta yamma suka zo, ni ina gabas. In don 'ya'yanka ne, kafa ta a ƙofar gidanka. Yanzu kibiyarka tana iso ni, tawa ba ta isa gare ka."

Mati ya rantse ba shi da mugun nufi. Barmo ya ce ya ji, amma nufi yana iya sauyawa kafin gari ya waye, fata kuwa tana nan a kafe. Aka rabu a haka.

Barmo ya sayar da bijimai biyu ya ƙaro kibau, ya kuma mayar da bukkarsa kan tudu, inda harbi zai tsallake garkuwa. Da Mati ya ga haka sai ya ce ashe Barmo ma abin tsoro ne, ya ƙara tsawon garkuwoyinsa. Daminar nan gero ya sha ciyawa, shanu suka rame, don kowa yana gadin kowa.

Wata safiya iska ta kayar da garkuwa ɗaya. Barmo ya ji ƙara, ya ga mutum yana motsi ta gurbin, ya saki kibiya. Hansai ce, matar Mati, ta zo ɗiban ruwa. Ta rayu, amma da ɗingishi ta ƙarasa rayuwarta. Barmo ya kaɗa shanunsa ya yi arewa, kunya da tsoro suka hana shi dawowa. Mati ya rasa takin da shanun ke zuba masa a gona, rijiya kuma ta rufta don mutum ɗaya ba ya iya yashe ta.

Sani ya ce laifin Barmo ne, shi ya yi harbi. Ni na ce na Mati ne, shi ya fara. Muka yi ta musu har ya ture mini gyaɗata. Muka nemi Iya ta raba gardama, ta ƙi. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ni ban ce Mati ya yi ƙarya ba. Ban kuma ce Barmo mahaukaci ne ba." Ta ci gaba da juya kaskonta.

Yanzu ina koyarwa a wata makarantar firamare a Daura, Iya kuma ta daɗe da rasuwa. Kwanaki ina cikin motar Katsina, rediyon direba yana bayani kan na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami da wata babbar ƙasa ta girke kusa da iyakar abokiyar hamayyarta. Masu na'urar sun ce ta kariya ce kawai, kuma ba don maƙwabciyar aka kafa ta ba. Maƙwabciyar kuwa ta ce barazana ce, za ta ƙara makamai. Direba ya ce wanda ba ya nufin kai hari ba ya jin haushin kariya. Wani dattijo mai fataucin dabbobi daga Kongolam ya ce masa, wanda ya tabbata ba za a iya rama masa ba, hannunsa ya fi saurin ɗagawa. Na lura dai kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, kamar ni da Sani.

Ban san yadda ake sasanta manyan ƙasashe ba. Abin da na fahimta shi ne, mai kafa kariya niyyarsa yake dubawa, wanda aka kafa ta a gabansa kuwa abin da za a iya yi da ita yake gani, kuma rantsuwa ba ta cike wannan rata.

Bara, bayan an yi sace-sace a unguwarmu, maigidana ya sayo babbar fitila mai aiki da hasken rana, zai kafa a kan katanga. Na ce ya fara kiran maƙwabcinmu, Malam Isiya, ya gani. Malam Isiya ya tsaya ya duba, ya ce a yadda za a ɗora ta, har tsakar gidansa za ta haska, inda iyalinsa ke shan iska. Aka karkatar da ita ta fuskanci lungu. Malam Isiya da kansa ya riƙe wa maigidana tsani.