Dawakan Gaba na Elwood Hruska

Elwood Hruska maƙwabcina ne a tuddan rairayin Nebraska, a Amurka. Tun yana saurayi da dawakai yake kai wa shanunsa ciyawa idan dusar ƙanƙara ta rufe makiyaya. Biyu ne ke jan amalanken. Wasu biyun, Barney da Queenie, ba ya ɗaura su a gaba sai hanya ta yi tsanani. Wai gara su huta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara fito da akori-kura mai ja da ƙafa huɗu tun daga kamfani, ba sai makanike ya ƙara mata ba. Matarsa Alvina ce ta matsa aka sayo, don dawakan sun tsufa, shi ma gwiwarsa ta fara magana. Mai sayarwa ya nuna masa wata sanda kusa da giyar motar: a ja ta, tayoyin gaba su kama aiki. Elwood ya gyaɗa kai. Har shekara ta zagayo bai taɓa sandar ba.

"Sai yaushe?" in ji Alvina.

"Suna hutawa."

"Taya ce fa, tsoho, ba ta cin hatsi!"

Sanyin 1949 ya zo da fushi. Guguwa ta kora shanunsu bayan babban tudu, suka yi kwanaki babu abinci. Duk mai kiwo ya san saniyar da ta kwanta a irin wannan sanyi ba ta cika tashi ba. Da gari ya ɗan lafa muka loda ciyawa a motar, ni ina baya da cebur, su biyu a gaba.

A tsakiyar tudu motar ta tsaya. Tayoyin baya suna juyi, suna tona wa kansu rami. Muna jin kukan shanun daga ƙetare, ƙasa-ƙasa.

"Elwood," in ji Alvina, "ɗaura na gaba."

Ya dubi sandar, ya cire safar hannu, ya ja.

Motar ta girgiza, ta dafe, ta fara hawa! Dusar ƙanƙara na fallatsa hagu da dama, na rungume ciyawa don kada in faɗo. Sai ga kan Elwood ta taga.

"Haye, Barney! Ja, Queenie! Ja, 'yar albarka!"

"Sun ji ka, dubi gabanka!" Alvina na ihu tana dukan ƙofa.

Muka haye, muka gangara. A ƙasa akwai ƙofar shinge. Elwood ya ja sitiyari zuwa ƙirjinsa kamar linzami, yana cewa, "Tsaya! Tsaya mana!" Birki bai zo masa a rai ba. Muka daki ƙofar, ta bi mu har tsakiyar garke.

Shanun suka taso, har waɗanda suka kwanta. Alvina ta zagaya su duka, ta dawo tana dariya tana goge ido.

Da yamma na leƙa rumfarsa. Bargon Barney na kan hancin motar, an ɗaure shi da kyau. Ban tambaya ba.