Gida Cikin Gida

Lissafi nake koyarwa a wani lise, wato makarantar sakandare, a Yamai, kuma duk shekara akwai ranar da nake yi wa ɗalibai zanen da ake kira firaktal. Ba ya fitowa a jarrabawa, ni dai nake son abina. Ka zana reshe, ka raba shi biyu, kowanne ka sake raba shi, ka yi ta yi har alli ya gaza. Duk guntun da ka yanko ka duba, kamannin babban ne sak. Bara wata yarinya mai baki ta ɗaga hannu, ta kira ni da mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, to mene ne ma'anarsa? Aya ce daga Allah, ko zane ne kawai?" Na ce ta bari sai an tashi. Hankalina ya riga ya tafi Korgom, garinmu.

Gidanmu danga ɗaya ce babba ta karan gero, da zaure ɗaya. Idan ɗa ya yi aure, sai a yanka masa wuri a ciki, a kewaye da ƙaramar danga: ga ƙofarsa, ga ɗakinsa, ga rumbunsa, ga turken awakinsa. Matarsa kuma ta ja zana a wani lungu ta yi nata, da ɗan rumbunta da akurkin kaji. Mu ma da muna yara, in muka zauna wasa a rairayi, irin gidan nan muke ginawa da guntayen kara. Ba wanda ya taɓa zana shi a takarda. Haka aka tarar ana yi.

Ni lakwal, makarantar boko, ta ɗauke ni. Daga Tasawa sai Maraɗi, daga Maraɗi sai Yamai, na auri mutuniyar Dosso, muka yi zamanmu. Amma Baba bai fasa yanka mini wuri ba, gabas da na yayana. Ya kewaye shi, babu ɗaki babu rumbu, fili kawai. Shi kuwa kara ba ya daɗewa. Gara ta ci, ruwa ya ruɓar, awaki su ƙarasa. Duk kaka, in an gama shigar da gero, sai ya ɗauko sabon kara a amalanke ya sabunta dangar. Inna takan tsaya da hannu a ƙugu ta ce, "Malam, iska kake yi ma gida?" Ya ce, "Na mushe ne. Shina tahowa." In na je hutu nakan shiga in tsaya a tsakiyar filin, in ji kunya da daɗi a haɗe.

Abokin aikina, malamin fizik, ya ce tambayar yarinyar shirme ce. Doka ce ke maimaita kanta, in ji shi. Kogi da huhu da reshen gawo duk hanya mafi sauƙi suka bi, ba wani saƙo a ciki. Yana faɗa yana kurɓar shayi da ƙara, abin da ke ƙona mini rai. Mai yiwuwa yana da gaskiya. Sai dai a kan allo dokar da kanta take tafiya, ba ta gajiya, wuri ba ya ƙare mata. A gidanmu kuwa, duk zagaye ɗaya sai da wani ya sha ƙaiƙayin kara a wuya. In akwai ma'ana, ni a nan nake zaton take, amma ban san yadda zan rubuta wannan da alli ba.

Bayan rasuwar Baba na kamu da wata ɗabi'a. In an fita hutun rana sai in buɗe taswira a salula, wayar hannuna, in nemo Korgom daga sama. Zagaye cikin zagaye, har in gano gidanmu, in yi ta matsowa da yatsa sai hoton ya dushe. Ga wurina nan, ɗan fili fari da danga kewaye. Na san tsohon hoto ne, tun Baba na da rai aka ɗauke shi, amma ban daina dubawa ba. Kewar gida nake ji, irin wadda ke hana mutum cin abinci.

Da kakar bana yayana ya kira ni. Muka gaisa, ya ba ni labarin gero da na waɗanda suka rasu, sannan ya kawo maganar da ta sa ya kira.

"Mushe, yaron wajena za shi aure bayan Salla."

Na yi masa barka.

"To, wuri ne babu. Naka kaɗai ya rage, dangar ma ta hwaɗi. Na ce ban taɓa shi sai na ji daga bakinka. Kana dawowa, ko a ba shi?"

Ina zaune a tsakar gidan haya, ƴaƴana na faɗa da juna da Zabarmanci. Na so in ce ya ƙara mini shekara ɗaya, amma na san ba ranar da zan sa.

"A ba shi, Yaya."

"Madalla, Allah shi yi albarka," in ji shi, muryarsa ta saki. "Kada ka damu. Duk sadda ka taho, akwai ɗakin baƙi."