Maigadin da Abba Ya Bari

Yau shekara uku ke nan da rasuwar Abbana. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Abba ne ke kula da na'urorin wata ƙaramar ƙungiyar manoman riɗi a nan Dutse. In an tashi daga makaranta, nakan jira shi a ɗakin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin ƙungiyar na intanet da duk wasiƙunta na imel. Ina tuna batura biyu a ƙarƙashin tebur, da tsohuwar hular da yake goge fanka da ita. A gefe kuma akwai wani ƙaramin akwati mai ƙyafta koren ido. Ma'aikata suna ce masa fayawol, Abba yana ce masa maigadi, domin duk abin da zai shigo daga waje sai ya bi ta kansa.

"Ranka ya daɗe, a ƙaro mana faifai na biyu, mu riƙa adana kwafin bayananmu," yakan ce wa shugaban ƙungiyar.

"Kai Malam, kai da injinan nan kamar mai jego!" in ji shugaba, yana dariya. Ba a ƙaro ba.

A kan sabar nan Abba ya buɗe mini adireshin imel. Ya ce tunda bakina nauyi gare shi, mu riƙa hira a rubuce. Duk Juma'a sai ya aiko mini da 'yar wasiƙa. Bayan rasuwarsa, su nake karantawa a wayar Ummata, kamar yana tsakar gida.

Bara da damina, na buɗe imel ɗina, ban ga komai ba. Muka je ofishin ni da Umma. Ashe ma'aikata sun yi ƙorafin maigadi yana hana su kallon ƙwallo, aka zare shi, aka ba firiji soket ɗinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarayin intanet suka kulle komai, daga sunayen manoman Miga da Buji har wasiƙuna. Kwafi kuwa babu.

"Yi haƙuri 'yata, ƙaddara ce," in ji shugaba.

Da Abba yana nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai cire hula ya kakkaɓe akwatin, ya mayar da shi mazauninsa. Ni a ƙasa na ga akwatin, an tokare ƙofa da shi. Na ce wa shugaba, "Baba, a ba ni wancan." Ita ce kaɗai maganar da na yi.

Yanzu yana ɗakinmu. Daga wasiƙun, farkon guda ɗaya kawai na haddace, shi ma kalmominsa sun fara zame mini. In an kawo wuta nakan jona maigadi, koren idonsa ya shiga ƙyaftawa, yana gadin gidan da aka riga aka kwashe.

Allah Ya jiƙan Abba, Ya haskaka kabarinsa.