Miksar masallaci da na riƙe

"Malam Idi, yau ma ba ta gyaru ba?" Ladaninmu Malam Sale ke nan, a bakin zaurena jiya da la'asar.

Miksar masallacinmu ce, na'urar da ke daidaita sautin lasifika, ta ƙone. Da yake na yi makarantar koyon sana'a a zamanin da, sai aka kawo mini. Na cire ɓangaren da ya ƙone, na haɗa layukan kai tsaye. Yanzu ba ta cin wutar lantarki, sai dai a jona ta da amfilifaya mai ƙara sauti.

Tuni na gama. Amma tun rasuwar mai ɗakina, in ba shi da ke zuwa tambaya ba, babu mai leƙo ni.

Na ce, "Da saura kaɗan."

Ya yi dariya. "Haba Malam! Danga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum ina jin ka kana gwada ta a rediyonka, kana yi wa kanka sallama kana amsawa. Ga muryata ta dishe, na bayan gonaki ba sa jin kiran salla."

Na kasa ɗaga kai. Na miƙa masa, ya karɓa, ya ce in bar tabarmar zauren a shimfiɗe, gobe zai dawo.

'Yan uwa, kun taɓa riƙe kayan jama'a don kada a daina zuwa wurinku?