Ranar da Na Kira Sunan Maigidana

Tsibirinmu yana tsakiyar Binuwai, yamma da Garwa kaɗan, inda ruwa ya rabu biyu ya sake haɗewa. Gidajen ba su cika arba'in ba. Masunta ne da masu noman albasa, sai mahauci ɗaya tak, shi ne mijina. Mutanen cikin gari suna yi mana tsiya, wai mu ƙasa ce mai zaman kanta, jauronmu, wato mai unguwa, shi ne shugaban ƙasa, kwalekwalenmu uku kuma sojan ruwa. Mu ma mukan biye musu. A gaskiya dai ba wanda ya damu da mu sai in lokacin haraji ya zo.

Bayan samun mulkin kai aka ce kowane magidanci ya je ya yi karti, takardar shaidar ɗan ƙasa. Mijina ya sa babbar rigarsa ya haye. Magatakardan mutumin kudu ne, sai da tafinta. Tafinta ya ce masa, "Kai ɗan ina ne?" Shi kuwa gogan ya gyara hula ya ce, "Bakatsine ne ni, gaba da baya." Ko ƙofar Katsina bai taɓa gani ba. Kakansa ne ya zo da fatake tun zamanin Jamus, shi a tsibirin aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa. Amma Bahaushe in ka tambaye shi ɗan ina ne, asali zai ba ka, ba inda ya faɗo ba. Magatakarda ya rubuta Katsina a wurin da ake rubuta garin haihuwa, ya buga hatimi. Mijina ya dawo yana nuna mana hotonsa, muna cewa ya yi kyau. Duk tsibirin ba mai karanta boko.

Wani malamin asibiti ya taɓa duba kartin ya ce masa, "Baba, ka je a gyara wannan, ya mai da kai baƙo." Ya ce sai bayan Salla. Salloli nawa suka wuce, ni ma na daina yi masa tuni, don haka ban da bakin zarginsa shi kaɗai.

Da yaƙi ya tashi a Najeriya sai mutane suka fara hawowa ta kogi, wasu da kaya, wasu daga su sai rigar jikinsu. Daga nan gari ya canja. Wani jirgi mai inji ya riƙa kewaya tsibirinmu da hantsi, ba ya tsayawa, ba ya gaisuwa. Wasu maza biyu masu takalma sau-ciki suka zo sayen kifi, aka faɗa musu kuɗi suka biya ba tare da sun taya ba. Wanda bai taya kifi ba ai ba kifi ya zo saya ba. A cikin kwalekwale, inda aka saba yin gardamar duniya, kowa ya koma kallon ruwa. Aka fara jin an yi kame a tasha, an yi a bakin kasuwa, a tare hanya gaba da baya a ce kowa ya fito da karti. Ba a cewa an kama wane. Sai dai a ce wane ya yi tafiya, a yi shiru.

Ran wata Laraba mijina ya haye zuwa mayanka kamar kullum. La'asar ta yi bai dawo ba. Sai ga mai fito ya yi sallama a ƙofar gida, ya miƙo mini wuƙaƙen mijina a naɗe cikin fatarsu, bai yarda mun haɗa ido ba. Mahauci ba ya rabuwa da wuƙarsa da rai da lafiya. Na ce, "Ina mai su?" Ya ce an tare ƙofar mayanka, an duba karti, an sa shi a mota tare da wasu. Abin da ya sani ke nan, kuma ya roƙe ni kada in ce shi ya faɗa.

Na je wurin jauro. Maza suna zaune a gindin tsamiya, da suka hango ni kowa ya sami abin yi da carbinsa. Jauro ya ce, "'Yata, haƙuri za ki yi. Wanda ya je neman wani a can, nasa kartin za a fara dubawa. Mu kuwa wa ya san abin da aka rubuta a namu?" Gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa yana shafa wa nasa ruwa. Na ce, "Ashe dai shugaban ƙasar tamu na tattara haraji ne kawai." Na yi ta jin haushinsu shekaru, sai daga baya na gane tsoro ne, kuma ba na banza ba.

Mata ba mu da karti, ba abin da za a duba mana. Da safe muka haye ni da Inna, mahaifiyarsa, tsohuwa mai sanda, wadda ta ce ita ce shaida tunda ita ta haife shi, kuma ta san inda ta durƙusa.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, mun tarar da mata cike da benci, har ƙasa. Hoton shugaban ƙasa yana rataye a bango. Ɗan garinmu ne, akwai tsofaffin da suka san shi yana yaro, amma ranar ba wadda ta ɗaga kai ta dube shi. Sai wajen hantsi aka kira mu. Mai teburin saurayi ne ɗan kudu, da Faransanci da guntun Fillanci. A gefensa wani dattijon ɗan sanda yana tsaye, Kirista ne daga duwatsun Mora, yana jin Hausar kasuwa. Shi ne tafinta.

Ya ce, "Mama, wa kuke nema?"

Na ce, "Maigidana."

"Na ji. Sunansa?"

"Mahaucin tsibiri ne. Dogo, yana da tabon wuƙa a babban yatsa."

"Suna nake tambaya, mama. Littafi ba ya sanin tabo."

Nan fa ake yin ta. Shekara goma sha tara ina gidansa, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taso, mace ba ta kama sunan mijinta. Ko wani yaro ne mai irin sunan ya shigo gida, sai dai in ce masa mai sunan Malam. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Dattijon ya juya wajen Inna ya ce, "To ke da kika haife shi, faɗa mana." Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Ɗan fari ne." Ita ma ke nan ba ta faɗa. Duk duniya ba masu sonsa kamar mu biyun nan, ga mu tsaye kamar an ɗaure mana baki.

Saurayin ya yi dariya da aka fassara masa, sannan dariyar ta ɗauke. Ya yi wata magana a hankali. Dattijon ya ce, "Wai mai ɓoye suna, akwai abin da yake ɓoyewa."

Na ce a ba ni alƙalami. Na yi allo a gidanmu, ina rubuta ajami, kuma rubutu ai ba faɗa ba ne. Na rubuta a bayan wata takarda na miƙa. Saurayin ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce irin wannan rubutun ne masu aika saƙon asiri suke yi. Ya jawo aljihun tebur ya jefa ta ya rufe. Na zo fitar da mutum, na ƙara masa laifi da hannuna.

Dattijon ne ya cece mu. Ya daɗe cikin Hausawa, ya san yadda ake yi. Ya ce, "Zan riƙa kiran sunaye, ku dai ku saurara." Ya kira na farko, muka dube shi. Na biyu, na uku. Da ya kira na huɗu, ni da Inna muka sunkuyar da kai tare. Ya tambayi sunan uban, wannan ma haka aka yi, tunda shi ma mijin Inna ne kuma surukina.

Saurayin ya buɗe littafi ya bi layi da yatsa, shafi biyu. Ya rufe. Ya ce da Fillanci, "Walaa." Babu.

Na ce, "A gaban mutane aka sa shi a mota jiya!"

Dattijon ya fassara mini amsarsa: "Wa ya gani? Ya zo ya faɗa."

Na tuna mai fito da roƙon da ya yi mini. Na kama hannun Inna muka juya.

Muna fitowa dattijon ya biyo mu kamar zai sayi goro. Bai dube mu ba, mai goron yake fuskanta, amma da mu yake. Ya ce, "Wanda aka rubuta, ana iya tambayarsa. Waɗanda za a kai iyaka ba a rubuta su, don kada gobe wani ya zo ya ce ina wane. Bayan azahar motoci za su fita ta ƙofar baya. Ni ba ni da ikon ɗaga tamfol. Amma ki kira shi. In ya amsa na ji da kunnena, zan shiga in gaya wa komisa, babban ofishin nan, ga uwa ga mata, a nan aka haife shi. Yakan sauke mutum wani lokaci, in ya tashi da ƙafar dama. Kada ki ce na ce."

Muka zagaya baya. Ashe ba mu kaɗai aka gaya wa ba, mata sun fi ashirin a jikin katanga, ba inuwa. Inna ta zauna a kan dutse, na ba ta ruwa ta ƙi. Aka kira azahar, ba wadda ta motsa. Ina ta juya sunan a cikin bakina kamar tsakuwa a shinkafa, ina ce wa kaina ba sai an kai ga haka ba, zai ji muryata ya gane.

Aka buɗe ƙofar. Manyan motoci biyu, an rufe su ruf da tamfol an ɗaure da igiya, jandarmomi, 'yan sandan soja, da bindigogi a bayan kowace. Suka tsaya a bakin ƙofa ana sa hannu a wata takarda, injuna suna ruri. Mata suka ɗauki kira gaba ɗaya. Na ce, "Maigida!" Wauta ce, duk wanda ke cikin motar nan maigidan wata ne. Na ce, "Malam! Mahaucin tsibiri!" Muryata ta nutse cikin ta sauran. Na hango dattijon a gefen ƙofa, ya kafa mini ido. Motar gaba ta fara motsi.

Inna ta damƙi hannuna, ban san tsohuwar tana da wannan ƙarfin ba. Ta ce, "Kira shi, 'yar nan. Na yafe miki. Kira shi!"

Na cika ƙirji na kira sunan mijina a bainar jama'a, a gaban uwarsa, da iyakar muryar da Allah ya ba ni. Har sau biyu.

Aka amsa. "Na'am!" daga motar gaba. "Na'am!" daga ta baya. Wani kuma, da wani, suna dukan tamfol daga ciki. Sunan Annabi ne, kowane gida akwai mai shi. Mutum huɗu ko biyar suka amsa mini, kowa da fatan tasa ce ta zo.

Dattijon ya matso da sauri. "Wanne ne naki? Wace mota?"

Na ce, "Ta baya." Na ce, "A'a, tsaya." Kalma ɗaya ce cikin rurin inji da kukan mata, ta bayan tamfol. Mijina in na yi masa magana a gida gyaran murya yake yi, bai taɓa ce mini na'am ba. Dattijon ya ce, "Mama, ba zan shiga wurin komisa da wataƙila ba." Kafin in sake kira motocin sun hau titi, suka miƙa hanyar iyaka.

Na koma ofishin nan har na daina ƙirgawa. Kullum a buɗe littafi a rufe. Daga baya aka ba ni wata takarda mai hatimi, malamin asibiti ya karanta mini: hukuma ba ta taɓa tsare mai wannan suna ba. Dattijon ma aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Wasu daga cikin waɗanda aka kai iyaka sun dawo ta daji bayan damina, na bi su gida gida. Wani ya ce kamar ya ga dogon mutum mai tabo, wani ya ce ba kowa aka sa a motar ba, akwai waɗanda aka ware tun da safe aka yi wani wuri da su. Na aika cigiya har Katsina ta bakin fatake, garin da bai san kowa a cikinsa ba.

Inna ta yi shekara uku bayan haka. A ciwonta na ƙarshe ina shafa mata mai a ƙafa, sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Inna, ranar nan, cikin waɗanda suka amsa, kin ji muryarsa?"

Ta lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce, "'Yar nan, ni da ban taɓa kiransa da shi ba, ina zan san yadda yake amsawa?"