Malam Arzika da Ragonsa

Da hantsi a bakin kasuwar Bagudo, wani dattijo yana bin rago a guje. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ƙwaurinsa a murɗe kamar na ɗan kokawa. Amma da ya kusa cim wa ragon sai ya sassauta.

Mai shayi ya ce sunansa Malam Arzika. Ya daɗe yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Motsa jikin yake ɓoyewa. Likita ta ce in ya zauna tsokarsa za ta zube, noma ya gagare shi. Shi kuwa dattijo ba ya gudu haka kawai, sai a ce ya taɓu. Shi ya sa kullum da kansa yake kwance ragon.

Can wani baƙon ɗan kabu-kabu ya tare ragon da babur, ya damƙe ƙahonsa.

"Baba, ga shi na kama maka!"

Arzika ya tsaya yana haki, ya harare shi.

"Allah shi yi albarka, ɗana. To sake shi, ka ce kuɓuce maka ya yi."